Allurai Goma Sha Biyu a Bayana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuwa birnin Gwanzu sarin yadi da leshi domin shagona da ke Kantin Kwari, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa sanin ƙofar asibiti a ƙasar Sin ba, sai ranar da na faɗo daga kan dilolin kaya a wani sito da ke bayan gari. Ana cikin loda kwantenarmu na lura lambar da ke jikin wasu diloli ba ta yi daidai da wadda ke takardata ba, sai na hau domin in gane wa idona. Tsayin bai wuce ƙafa 12 ba. Dilar da na taka ta goce, na faɗo a zaune a kan siminti, na ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayana. Hankalina bai gushe ba. Ina kallon ƙafafuna a miƙe a gabana, da takalmana a jikinsu, amma sai ka ce na wani ne aka ajiye mini.

Gatan farko da Allah ya yi mini shi ne mai siton ya hana a ɗaga ni. Abokan sarina biyu sun riga sun kama hammatana za su cicciɓe ni su sa a mota, kamar yadda muka saba yi wa wanda ya yi haɗari a gida, sai mutumin ya daka musu tsawa, ya tsaya a kaina har motar asibiti ta iso aka ɗaure ni a kan wani faffaɗan allo. Daga baya likitan da ya yi mini aiki ya ce da an naɗe ni a kujerar mota, da wataƙila ɓarɓashin ƙashin ya ƙarasa yanke abin da ya rage.

A asibitin ne na fara sanin yadda bayan ɗan Adam yake. Ƙasusuwa ne a jere, 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, laka kuma tana bi ta cikin ramin da ke tsakiyarsu tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Nawa na goma sha biyu na ƙirji ne ya tarwatse, wanda suke kira T12, gutsurensa ya danne lakar. Suka buɗe bayan, suka cire abin da ya danne ta, suka ɗaure wurin da ƙarafa biyu da kusoshi takwas. Bayan kwana uku wata likita ta zo da auduga da tsinken allura ta bi jikina tun daga wuya har tafin ƙafa tana tambaya ko ina ji, ba ta tsallake ko'ina ba, har inda mutum ba ya son a duba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma a nan ne labari mai daɗi ya fito, domin na ji tsinken a can, kuma babban ɗan yatsan ƙafata ta dama ya ɗan motsa. Ta ce raunin laka matakai ne daga A zuwa E, wanda yake A babu ji babu motsi a can ƙarshen laka, ni kuwa ina C, ma'ana lakar ta ji rauni amma ba ta katse gaba ɗaya ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan harafin, saboda duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya rataya.

Wanda yake fassara mini wani yaro ne Bahaushe daga Damagaram da ke karatun likita a garin. Mutanenmu na unguwar Shawbe, inda 'yan kasuwar Afirka suke sauka, su suka nemo mini shi. Ƙanena kuma ya taso daga Kano domin jinya, saboda a can ma dangi ne ke kwana da majinyaci, wanda ba shi da kowa sai ya ɗauki mai jinya ya biya.

Duk wanda ya bugo waya daga gida tambayarsa ɗaya ce, yaushe zan taka. Ni kuwa a lokacin tafiya ba ita ce ta hana ni barci ba. Abu biyu ne. Na farko, wata irin wuta da take ci a cinyoyina da tafin ƙafafuna, ƙafafun da idan an tsikare su da ƙyar nake ji, amma da dare sai in ji kamar an zuba musu garwashi, wani lokaci kuma kamar an jona musu waya. Likitoci suka ce jijiyar da ta ji rauni ce take aika saƙon ƙarya, suka sa ni a kan maganin firegabalin, ya rage kaɗan amma ya bar ni cikin jiri da nauyin kai. Na biyu kuwa, wanda ya fi ci mini rai, shi ne fitsari. Mafitsarata ta daina jin magana. Bayan an cire robar fitsarin da ke zaune a jikina, sai aka koma zura wata siririya duk bayan awa huɗu zuwa shida a zubar a cire, tsakanin wannan da wancan kuma yana yoyo ban sani ba. Ni da tun ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya koya mini kada ɗigo ɗaya ya taɓa wandona, sai ga shi ƙanena ne yake sauya mini shimfiɗa. Na san hukuncin, malamai sun karantar da mu cewa yoyon fitsarin da ya lazimci mutum fiye da rabin lokaci ba ya warware alwala, kuma na yi aiki da wannan sauƙin ina yi wa Allah godiya. Duk da haka zuciyata ba ta daina ƙunci ba a duk lokacin da na kabbara salla a kwance ina jin ɗumi a ƙarƙashina.

A mako na uku aka mai da ni sashen farfaɗo da jiki, wanda suke kira kangfu. Jadawalin da aka liƙa a gadona ya ƙunshi gashin ƙashi da safe, tsayuwa a kan wani gado da ake ɗagawa a hankali, motsa gaɓoɓi, sai kuma wani abu da yamma da ɗalibin ya ce sunansa diyanjan, wato alluran lantarki. Na ce ban yarda ba sai na san mene ne. Tsorona biyu ne: kada a ƙara lalata abin da ya lalace, kuma kada in shiga wani tsafi ban sani ba. Yaron ya ce, “Alhaji, babu surkulle a ciki, babu kiran sunan kowa. Allura ce da batir.” Da na gaya wa mahaifiyata a waya, sai ta ce, “To ai wanzancin mutanen can ne. Ka yi bisimilla ka bari a yi maka, waraka ta Allah ce.”

Ranar farko ba za ta fita daga raina ba. Aka juya ni rub da ciki, mutum uku suna riƙe da ni kamar gungume domin kada bayan ya murɗe. Likitar, wata dattijuwa mai ƙaramin jiki, ta goge fatata da auduga mai sanyi, ta ɓare allurai sababbi daga leda a gabana domin in gani. Kaurinsu bai kai na allurar ɗinki ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne, ba su da rami a ciki, kuma babu wani magani da ake ɗurawa. Ta tsira huɗu a gefe da gefen ƙashin bayana, biyu a sama da inda aka yi aiki, biyu a ƙasa, ta kauce wa ɗinkin da ƙarafan. Waɗannan wuraren ana jingina su ga Huwa To, wani likitansu da ya rayu kimanin shekara 1,800 da suka wuce. Sannan ta lalubi ƙashin da ke ƙasan ƙugu da babban yatsanta har ta sami ƙananan ramukan da ke jikinsa, ta tsira wasu huɗu masu tsawo, kusan tsawon ɗan yatsa. Biyu suka tafi ƙasan gwiwa ta waje, biyu kuma sama da idon sawu ta ciki. Goma sha biyu ke nan.

Daga nan ta jawo wani ɗan akwati da bai fi rediyo girma ba, mai wayoyi masu launi da 'yan maƙalai a bakinsu, ta maƙala su a kan alluran bibbiyu, ta fara murɗa maɓalli sannu a hankali. A saman raunin na ji wani ɗan bugu, tik, tik, tik, kamar ana ƙwanƙwasa mini fata da farce. A ƙasa kuwa ban ji komai ba, kuma saboda haka ba ta dogara da bakina ba, sai ta sunkuya ta zuba wa naman ido, tana ƙara wutar har ta ga ya soma harbawa, sannan ta tsaya. Ƙanena, wanda yake tsaye a ƙarshen gado, ya ce da ƙarfi, “Yaya, ƙafarka tana motsi!” Likitar ta sa ɗalibin ya gaya mana nan take cewa wutar ce take motsa ta, ba ni ba ne, kada mu ɗauka waraka ce ta zo. Wannan maganar ta sa na amince da matar fiye da duk wani alkawari da za ta iya yi mini. Aka bar alluran minti 30, aka zare, babu jini sai ɗigo ɗaya a ƙafar hagu.

Haka muka riƙa yi kwana biyar a mako. Na tambayi yadda abin yake aiki, aka ba ni amsa iri biyu. Ta tsofaffin littattafansu ita ce akwai wani ƙarfi da suke kira ci, wanda yake gudana ta wasu hanyoyi a jiki, babbar cikinsu tana bin tsakiyar baya, rauni ya toshe ta, allura kuma tana buɗewa. Ban riƙe wannan a matsayin gaskiya ba, kuma ba wanda ya tilasta mini. Amsa ta biyu ita ta fi kwanta mini. Ɗalibin ya zana mini a takarda cewa jijiyoyin da ke sarrafa mafitsara ta waɗannan ramukan na ƙasan ƙugu suke fitowa, na biyu zuwa na huɗu, saboda haka dogayen alluran a kusa da su suke sauka, wutar kuma tana zungurar su. Wurin da ke sama da idon sawu shi ma yana kusa da wata jijiya da ta samo asali daga can, kuma likitocin Turai da Amurka suna sa wa wannan jijiyar wuta domin masu matsalar mafitsara, ba tare da sun kira abin da sunan Sinawa ba. Game da zafi kuwa, ya ba ni labarin Farfesa Han Jisheng na Jami'ar Peking, wanda ya shafe shekaru yana bincike har ya nuna cewa bugu a hankali, sau 2 a daƙiƙa, yana sa jiki ya saki wasu sinadaransa na kashe zafi, bugu da sauri kuma, sau 100 a daƙiƙa, yana sa ya saki wani daban. Shi ya sa akwatin yake sauya kiɗa, ya yi sannu, ya yi sauri, ya koma.

Zafin ne ya fara sauka. Bayan kamar mako biyu na lura cewa daren da aka yi mini allura nakan yi barcin awa huɗu ko biyar a jere, daren Asabar da Lahadi kuwa wutar takan dawo. Ba ta mutu ba, har yau tana nan, amma ta sauko daga abin da ke sa ni cizon matashi zuwa abin da zan iya hira a kansa, har likita ya rage mini ƙwayoyin.

Fitsarin ya fi jan lokaci, kuma shi ne na riƙe lissafinsa da hannuna a bayan wani littafin rasit. An tsara mini ruwan da zan sha, kada ya wuce lita biyu a yini. Idan lokaci ya yi sai in yi ƙoƙari da kaina, sannan a zura roba a auna abin da ya rage a ciki. A farko ba na fitar da komai, abin da ake samu kuwa ya kan kai mililita 400. A mako na shida bayan fara alluran, wata ranar Talata da asuba, na ji wani nauyi a marata wanda na yi wata biyu ban ji irinsa ba. Na tashi ƙanena na ce ya miƙo mini kwalba. Abin da ya fito bai fi cikin ƙaramin kofin shayi ba, amma ni na ji zuwansa, kuma ni na sake shi. Na rufe fuskata da zanen gado na yi kuka, ƙanena yana ta maimaita alhamdu lillahi. Daga nan lissafin ya riƙa sauka, 300, 250, ya koma 320 a makon da na yi zazzaɓin ciwon mafitsara, ya sake sauka zuwa 150. Sun ce idan ya tsaya ƙasa da 100 za a iya rage robar sosai. Na kai wannan matsayi a wata na huɗu. A Juma'ar da ta biyo baya aka tura ni a keke zuwa masallacin da ake dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda baƙi ke taruwa, na yi salla a cikin jama'a da tufafi busassu.

A nan ne ya wajaba in faɗi abin da masu neman labarin mamaki ba sa son ji. Ba zan iya rantsuwa cewa alluran ne suka dawo mini da wannan ba. A watannin nan ana yi mini gashi awa biyu kullum, ina shan magunguna, an riga an cire abin da ya danne lakar, kuma likitocin da kansu sun ce wanda lakarsa ba ta katse ba yakan sami mafi yawan ci gabansa a wata shida na farko, ko an yi masa allura ko ba a yi ba. Abin da zuciyata ta fi karkata a kai shi ne sun taimaka wajen zafin, domin na ga bambancin daren da aka yi da wanda ba a yi ba, kuma ina kyautata zaton sun gaggauta lamarin mafitsarar. Ƙafafun kuwa, waɗanda suka kai ni ga tsayuwa da ƙarfen dogarawa a wata na biyar, na fi ba gashi da lokaci ladansu, bayan ikon Allah. Ɗalibin ya karanta mini wani bincike da aka wallafa a 2003 daga Taiwan a kan majinyata 100, inda rabin da aka haɗa musu da wannan magani suka fi sauran samun ci gaba, ya kuma gaya mini cewa a Jami'ar Sun Yat-sen da ke garin ana gwaji a kan ɓeraye, ana ganin wutar tana ƙara sinadaran da ke ciyar da jijiya. Amma shi da bakinsa ya ƙara da cewa ɓera ba mutum ba ne, kuma yawancin binciken da aka yi a kan mutane ƙanana ne, ba su kai a kafa hujja mai ƙarfi da su ba.

Hujjata mafi girma ita ce maƙwabcina na gado, wani magini Basine mai 'ya'ya biyu da ya faɗo daga bene. Shi A ne. Likita ɗaya ce take tsira mana allurai, akwati ɗaya, minti 30 ɗaya, kuma ya fi ni naci da haƙuri. Har na bar asibitin ko yatsa bai motsa ba. Ya ce yana samun sauƙin ciwon kafaɗu da tura keke ya jawo masa, kuma saboda wannan kaɗai yake ci gaba. Matarsa takan ɗebo mini lemo idan ta kawo masa, ni kuma in ba yaransu dabino.

Kuɗin da na kashe ya cinye jarin kwantena biyu da wani fili da nake da shi, ban da wahalar sabunta biza daga gadon asibiti. Na dawo Kano ta Addis Ababa bayan wata shida, na ci gaba da gashi a Asibitin Ƙashi na Dala. Yau ina takawa da sanduna biyu a cikin gida da shago, idan tafiya ta yi nisa kuma sai keke. Ƙafar hagu har yanzu tana ja. Robar ba ta rabu da aljihuna ba, ina amfani da ita sau ɗaya kafin in kwanta.

Tun da na dawo mutane suke sallama a ƙofar gidana, domin labari ya bazu a kasuwa cewa an yi wa wane allura a Sin ya tashi. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne da ya zo da hotunan ɗansa a cikin babbar ambulan. Yaron ya yi haɗarin babur shekara uku da suka wuce, ya karye a wuya, takardarsa kuma A ta nuna. Dattijon ya riga ya yi cinikin gidansa, saura a biya, yana so in haɗa shi da asibitin. Na ce, “Baba, don Allah kada ka sayar da gidan nan.” Na gaya masa harafina da na ɗansa, na ba shi labarin maginin, na ce ban ga wanda allura ta ɗinke wa lakar da ta katse ba, kuma likitar da ta yi mini ba ta taɓa cewa tana iyawa ba. Na kuma gaya masa abin da aka gargaɗe mu a can, cewa wanda rauninsa yake daga T6, wato ƙashi na shida na ƙirji, zuwa sama, tsikara a ƙasan raunin tana iya sa jininsa ya hau farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da gumi, har ta kai ga halaka, saboda haka irin ɗansa ba a tsira masa allura sai a inda ake auna jini ana lura. Haka nan ba a sa wa mai na'urar bugun zuciya wannan wutar, kuma duk wanda zai yi, ya ga an ɓare allurar a gabansa.

Dattijon ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, “To Alhaji, in zauna in zuba masa ido ke nan?” Na tambaye shi abin da ya fi damun yaron a yanzu. Ya ce gyambo ne a ɗuwawunsa da ya ƙi warkewa, da zazzaɓin da ke dawowa duk wata saboda robar fitsarin da takan yi wata biyu ba a sauya ba. Washegari na sa aka kai ni gidan. Muka sayi katifar iska, muka samo ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa wanke gyambon tana sauya robar a kan lokaci, na nuna wa ƙannensa yadda ake juya shi duk bayan awa biyu, yadda aka riƙa juya ni. Yaron ya tambaye ni ko alluran suna da zafi, na ce masa a'a, kuma idan gyambon ya rufe, likitansa ya yarda, aka sami wanda ya ƙware, ba laifi ya gwada domin raɗaɗin da ke hana shi barci. Gyambon ya ɗauki wata biyar kafin ya rufe. Gidan yana nan a hannunsu, ɗakin yaron ne na farko idan an shiga daga zaure.